Ɗorawar Yaya Tabawa da Tafiyata Nijar

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. In na zauna a bakin kasuwar Wudil sai wani ya matso ya ce, "Malam Garba, yaya ƙasar Faransa?" In na je ɗaurin aure Ɗankaza, kafin a raba goro an tambaye ni ko da gaske burodinsu ya kai tsawon sanda. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, ina miƙa wa kowa wanda zai ba shi dariya ina riƙe sauran. Yau ga shi gaba ɗaya, har da wanda nake riƙewa, don kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Ni manomi ne a Utai, amma na taɓa koyar da ajin yaƙi da jahilci, saboda haka ni ne ɗan bokon unguwarmu, kuma ban taɓa bari wani ya manta ba. A wannan zamani da kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta zuba shi, akwai ofisoshi biyu a Wudil da ƙofofinsu ke kallon juna. Ofishin gona ya ce duk wanda ya share gonarsa daga itace da kututture, tarakta za ta zo ta nome masa. Ofishin daji kuma ya ce hamada na tafe, kowa ya dasa itace. Shugabannin ofisoshin biyu sahu ɗaya suke sallah, amma da alama ba su taɓa tambayar juna aikin da suke yi ba. Ni dai na bi na gona, domin tarakta ta fi burge ni. Bara na sare gawo huɗu, saura ɗorawa guda a tsakiyar gona.

Matsalar ita ce ɗorawar ba tawa ba ce. Mahaifinmu tun yana da rai ya tara mutane ya ce ƙasa ta Garba ce, ɗorawa ta Tabawa. Yaya Tabawa ita ce babbarmu, ita ta goye ni, kuma tun da mijinta ya rasu da wannan itacen take rufa wa kanta asiri. Ta sauke 'ya'yan, ta sayar da garin, ta dafa kalwa ta yi daddawa. Duk Utai babu mai daddawa irin tata.

Da na je mata da maganar sara, tana tsince wake, ba ta ko ɗago kai ba.

"Garba, ta ɗauki 'ya'ya bana kamar ba ta taɓa yi ba. Sati uku ya rage su nuna. Ka bari in sauke na bana, sai ka yi yadda ka so."

"Yaya, mai tarakta ya ce kafin ruwan fari. Kuma wa ke ta daddawa yanzu? Zamanin dunƙulen kanti ne. Ki jefa ɗaya a miya, shi ke nan, ba wari ba wahala."

Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin na ɗauke ta a matsayin yarda, domin haka ya fi mini sauƙi. Na je wurin Malam Lawan, malamin daji, wanda sai da takardarsa ake taɓa ɗorawa. Ya tambaye ni gonar wa, na ce tawa. Ya rubuta, ya buga hatimi. A fom ɗin gwamnati babu layin da ake tambayar itacen wa, don haka sunan Yaya bai shiga ba.

Bayan kwana biyu sai ga wasiƙa daga wannan ofishin dajin. An zaɓe ni cikin manoma masu wayewar kai da za a kai Nijar su koyo yadda ake kare itatuwa. Na tambaya me ya sa ni, aka ce ofishin gona ne ya ba da sunana, saboda gonata ta fi ta kowa tsafta. Za a tashi Talata a dawo Lahadi. Nan take na nemo Tanko mai gatari na ce ya sare ɗorawar ranar Asabar da safe. Ba zan ɓoye ba, da gangan na zaɓi ranar da ba na gari, don ba na son in ga fuskar Yaya.

Ranar tafiya da sassafe sai ga ta da ƙunshi a ɗaure cikin tsohon zane.

"Ga guzuri. Ragowar ta bara ce, duka na haɗo maka. An ce miyar can ba ta da daɗi."

"Haba Yaya, da manya fa zan yi tafiya."

"Manyan ba sa shan miya? Allah ya kiyaye hanya."

Na karɓa ina jin haushi, na cusa a jaka, na hau keke zuwa Wudil.

An ce mu hallara da hantsi, muka hallara. Motar sabuwa ce fil, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Mu goma sha biyu ne, har da Malam Lawan. Wato mutum ɗaya tak da zai iya hana a sare itace a ƙasar Wudil, gwamnati ta sa shi a mota za ta kai shi wata ƙasa ya koyo hana sare itace. Shugaban tafiya, wani babban ma'aikaci daga Kano da kowa ke ce wa Sakatare, bai iso ba sai bayan Azahar. Ya fito daga motarsa cikin kwat a wannan zafin na bazara, ya tsaya a rana ya yi mana jawabi cewa mu ne jakadun itatuwa. Mu jakadun muna tsugune a inuwar motar, don itacen da ke harabar ofis an sare shi an yi wurin ajiye motoci.

Daga Kano zuwa Kazaure ban daina ganin manyan motoci maƙare da itacen girki suna nufar birni ba. Na taɓa Malam Lawan na nuna masa, ya buɗe ido ɗaya ya ce wannan ba yankinsa ba ne, ya koma barci. Ana haka rana ta gasa motar, jakata ta fara magana. Sakatare ya toshe hanci da hankici.

"Direba, ka take wani abu ne?"

"A'a, ranka ya daɗe."

Aka bi wari har kujerata. Sakatare ya dube ni ya ce, "Malam Garba, kai da aka ce ka waye? Za mu je ƙasar waje ka ɗauko mana abin kunya?" Aka yi dariya, ni ma na taya su, har na ce ai tsohuwa ce ta matsa. Aka ɗaure ƙunshin a saman mota tare da safayar taya.

A Daura muka kwana. Sakatare da mutanensa suka sauka a masaukin gwamnati, mu jakadu aka buɗe mana aji a firamare muka shimfiɗa tabarmi tsakanin bencina. An aiko mana shinkafar ƙasar waje da kifin gwangwani, amma ba a aiko abin buɗe gwangwanin ba. Wani dattijo daga Kausani ya buɗe nasa da wuƙa, ya yanke yatsa, ya ce ai shi da ma bai yarda da kifin da ba shi da kai ba.

Laraba da hantsi muka isa iyaka. A ɓangarenmu ba a ɓata lokaci ba, jami'in ya ga hatimin gwamnati ya sara wa Sakatare. Takarda ɗaya ce ta ɗauke mu duka, sunayenmu a jere, kuma tana cikin jakar Sakatare. A ɓangarensu kuwa muka tarar an rufe. Wai su da rana ta take sai kowane ma'aikaci ya tafi gida ya kwanta, ba ya dawowa sai wajen La'asar. Sakatare ya yi ta faɗa cewa wannan lalaci ne. Ni ban ga laifinsu ba, domin su aƙalla sun sanar da lokacin barcinsu, namu kuwa a ofis suke yi ba sanarwa. Muka zauna a gindin wani gawo muna kallon mutane da jakuna da raƙuma suna wucewa ta bayan shingen, babu mai tambayarsu komai.

Da aka buɗe, wani jandarma, ɗan sandansu ke nan, ya ƙirga mu da yatsa sau biyu. Mai binciken kaya ya hau saman mota ya sauko da ƙunshin Yaya, fuska a ɗaure.

"Wannan na wa?"

Sakatare ya kalli sama. Na ce nawa ne. Mutumin ya kwance zanen, ya sunsuna, sai na ga fuskarsa ta saki.

"Ta kalwa ce? Ta kalwa tsantsa?"

Na ce ƙwarai. Ya ɗauki ƙwaya biyu ya sa a aljihun kakinsa, ya ce doka ce sai an gwada lafiyarta. Bai taɓa rediyon Sakatare ba, bai taɓa agogon kowa ba.

A Matamai babban jami'in gunduma ya tarbe mu, su sufurefe suke ce masa. Ya yi jawabi da Faransanci, wani ya juya shi zuwa Turanci, wani kuma ya juya Turancin zuwa Hausa. Sakatare ya mayar da Turanci, aka sake bin hanyar a juye. Kafin maganar dasa itace ta iso kunnenmu ta gaji, ban san me ya rage a cikinta ba. Da aka tashi sai na ji sufurefe da Sakatare a bakin ƙofa suna hirar tsadar raguna da Hausa garau, ashe kakanninsu ma garinsu ɗaya.

Nan ma manya suka tafi masauki, mu aka raba mu gidajen talakawa a wani ƙauye kusa. Ni da Malam Lawan aka kai mu gidan wani tsoho, Malam Mahamman, siriri mai farin gemu, wanda ya yi mana gaisuwa har sai da na ƙosa, ni da nake ganin mu Kanawa ne ƙarshen gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, ya tambayi bisashe, ya koma ya tambayi gida. Aka kawo fura mai tsami a ƙwarya, sannan tuwon gero, su hatsi suke cewa, da miyar kuka. Gaskiyar Yaya ce, miyar ba ta da komai sai gishiri da kirkin masu gida. Na tuna da ƙunshin, amma kunyar da na sha a mota ta hana ni fito da shi. Burodin nan da kuke tambaya, na gan shi da safe. Dogo ne, kuma in ya kwana ana iya korar akuya da shi.

Alhamis aka kai mu ganin abin da muka zo gani. Fili ne babba an kewaye shi da waya, da allo mai rubutun Faransanci a bakin ƙofa. A ciki an jera ramuka bisa igiya, kowane rami da ɗan tsinke a tsakiya, wai darbejiya da itacen turare. Na bi layi guda ina dubawa, waɗanda ke da ganye ba su kai yatsun hannuna ba. Nan hankalina ya kwanta, na gane gwamnati ko'ina uwarsu ɗaya. Sakatare kuwa ya ciro littafi yana rubutu da sauri. Na leƙa, na ga ya rubuta a sayo waya.

Abin da ba a kawo mu gani ba yana bayan wayar. Gonakin mutane ne, ko'ina gawo, manya da ƙanana, kore shar a tsakiyar bazara, shanu kwance a ƙarƙashinsu suna cin 'ya'yan da suka zubo suna barin taki. Babu allo, babu mai gadi. A hanyar komawa gida Malam Mahamman ya ratsa da mu ta gonarsa. Duk inda ɗan gawo ya tsiro da kansa ya kewaye shi da ƙaya, ya rage masa rassa ya bar guda. Na tambaye shi wane ofishi ne ya koya masa.

Ya ce, "Wane irin ofishi? Icce ne ya hito, na ba shi hanya. Da damina shina zubar da ganye ya bar ma hatsi rana, da rani shina ba bisa abinci. Mi ya yi mini da za ni kashe shi? Ku can ba ku da gawo?"

Na ce muna da shi. Ban ce na sare huɗu bara ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk abin da ya faɗa na sani. Mahaifina ya faɗa mini tun ina bin sa gona, sai dai shi bai faɗa da Turanci ba.

Da muka isa gida bayan La'asar, sai matarsa ta yi magana daga bayan zana. Ta ce a yi mata gafara, tun jiya take jin wani ƙamshi daga ɗakin baƙi, ko hancinta ne ke yi mata ƙarya. Ƙamshi ta ce. Na ɗauko ƙunshin na miƙa duka. Na ji ta kira maƙwabta, na ji mata suna salati.

Miyar da aka kawo bayan Magariba miyar gidanmu ce. Malam Mahamman ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya daɗe bai kai ta biyu ba. Ya ce da suna da ɗorawa a bakin fadama, uwarsa tana yin daddawa, amma farin nan da ya wuce ya kashe wasu, yunwa ta sa aka sare sauran aka sayar. Yanzu ko ɗaya babu a ƙasarsu.

"Mai wannan hannu tana raye?"

"Yayata ce."

"Iccen nata ne?"

"Nata ne. Yana cikin gonata."

"Allah shi yi maka albarka da kake riƙe mata shi. Ina roƙon alhwarma guda. In ta sauke na bana, ka aiko mini da ɗanyar kalwa ko cikin tahin hannu, in shuka bakin rijiya. Ni ba ni ganin ɗiyanta, amma jikokina su gani."

Malam Lawan ya ƙware da tuwo, ya yi ta tari. Ni kuwa na ce "to", irin ta Yaya, kuma a lokacin ne na fara jin nauyin kalmar. Kunya ta rufe ni yadda ban taɓa ji ba. Tsoho mai shekara saba'in yana neman irin itacen da ni na sa a kashe jibi, yana kuma sa mini albarka a kai.

Da muka fito wanke hannu na ja Malam Lawan gefe.

"Malam, takardar nan da ka ba ni, ana iya soke ta?"

"Ana iyawa mana. Sai dai a ofis, kuma fom ɗin sokewa ya ƙare tun bara."

"To ai Tanko Asabar zai sare."

"Ka ga ni yanzu ina bakin aiki a ƙasar waje."

Juma'a da sassafe na je masaukin manya na sami Sakatare yana shan shayi. Ranar za a wuce Damagaram ziyarar ƙaro ilimi, wato kasuwar turare da atamfa. Na ce ina son komawa gida yau, akwai itacen da za a sare.

"Itace? Malam Garba, gwamnati ta kashe kuɗi ta kawo ka koyon kare daji, za ka gudu saboda itace ɗaya? Sunanka na cikin takarda. Mu goma sha biyu muka shigo, mu goma sha biyu za mu fita."

Na koma na gaya wa Malam Mahamman gaskiya duka, har da gawo huɗu. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya shiga gida ya fito da cuku, busasshen nonon nan nasu, a ɗaure ya ce in kai wa mai daddawa, sannan ya kai ni wurin wani mai amalanken shanu da zai bi hanyar daji zuwa kasuwa a ɓangarenmu. Na ce ba ni da takarda. Ya ce shi shekararsa saba'in yana ƙetare wannan iyaka, har yau bai taɓa ganin ta ba.

Haka jakadan itatuwa ya bar ƙasar waje a kan buhunan wake. A hanya muka yi ta karo da amalanke da jakuna ɗauke da gangunan man fetur suna nufar arewa. Daga kasuwar wani mai babur ya rage mini hanya. Ban kawo komai a raina ba sai da na isa Daura wajen La'asar, na tarar da tasha cike da motoci a tsaye. Babu mai. Ƙasar da mai ya yi wa yawa har take kai manoma yawon buɗe ido, ba ta da wanda za ta kai ni Kano. Direbobi suna kwance a ƙarƙashin motocinsu, wasu kwanansu biyu a layi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Wani ya tambaye ni ko rasuwa aka yi, na ce tukuna.

Dab da Magariba na sami wata motar ɗaukar shanu, na hau sama na riƙe ƙarfe. Ta kai mu Kazaure ta tsaya, nata man ya ƙare. A masallacin tasha na kwana. Da gari ya waye Asabar ina ta lissafi a zuci: yanzu Tanko yana wasa gatari, yanzu ya fito, ai Tanko malalaci ne, wataƙila ya makara, wataƙila ciwon bayansa ya tashi. Ban taɓa yi wa Musulmi fatan ciwo ba sai ranar. Na sami mota zuwa Kano da hantsi, wata zuwa Wudil, na ɗauki kekena inda na bar shi, na taka kamar zan karya shi.

Wanda ya san hanyar Utai ya san akwai wata kwana da in ka sha ta kake hango kan ɗorawarmu sama da komai. Tun ina yaro da ita nake gane na iso gida. Na sha kwanar ana kiran Azahar, na duba, babu komai a wurin sai sarari.

Tanko, wanda bai taɓa cika alkawari a kan lokaci ba, ranar ya yi sammako. Na tarar da ita kwance ta cika rabin gona, rassanta ɗauke da 'ya'ya kore zube a ƙasa, awakin unguwa sun taru a kai. Yaya Tabawa tana zaune a kan gangar jikin, da ƙwarya a cinya, tana ɓare 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya ko za ta sami wanda ya yi ƙwari. Babu ko ɗaya, duk ruwa ne a ciki. Na jefar da keken na tsaya a gabanta.

"Garba, kai ne? Ba gobe aka ce ba? Sannu da hanya. Ka sha ruwa kuwa?"

"Yaya, na dawo ne in hana."

"Allah sarki. Ka sha wahala."

Na miƙa mata cukun na ce wani tsoho ne ya aiko, matarsa ta ce ba ta taɓa cin daddawa irin tata ba. Ta yi murmushi, ta tambaya ko ta ishe su. Maganar kalwar da ya roƙa ban iya faɗa mata ba, kuma har yau ban aika masa da komai ba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na yi kuka, ni da gemuna, ita kuma tana ba ni haƙuri.

Sauran labarin kun san shi. Tarakta ba ta zo ba, wai wani ƙarfe ya karye kuma sai an yi odarsa daga Turai. Da fartanya na nome gonar kamar kowace shekara, sai dai bana babu inda zan zauna in sha fura. Da ruwa ya sauka aka yi bikin dashen itace a Wudil, aka kewaye fili da sabuwar waya, aka kira ni gaban jama'a a matsayin wanda ya je ƙasar waje ya ga yadda ake yi. Sakatare ya yafe mini guduwar da na yi, ya ba ni takardar yabo da ɗan tsiron darbejiya a leda, Malam Lawan ya riƙe mini butar ban ruwa aka ɗauke mu hoto. Takardar tana nan a ƙasan akwati, duk mai son gani ya zo.

Juma'ar da ta wuce na fito da keke zan tafi kasuwa, sai na ga Yaya a ƙofar gida tana jirana. Ta rame, kuma yanzu wankau da surfe take yi wa mutane. Muka gaisa, ta tambayi iyali, sannan ta ce:

"Garba, in ka shiga Wudil ka taho mini da dunƙulen nan naka na kanti. Miyata ba ta da komai."

Na dubi fuskarta ina neman gori, ko ɗan kaɗan, don in sami abin riƙewa. Babu. Da gaske miya take son gyarawa.

Na sayo mata. Da yamma ta aiko mini da tuwo kamar yadda ta saba tun ina yaro, na buɗe kwanon miyar, na mayar na rufe.